Rigimar Gida Cikin Rigar Aro

Akwai wani abokina malamin tarihi da muke zama majalisa ɗaya bayan sallar Isha'i. Duk ranar da rediyo ta ce Amurka ta kai hari wani wuri, ko ta ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, da mutanen nan sun riƙe wasiyyar kakansu Washington, ai da duniya ta huta." Yana nufin takardar bankwanan da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya sa aka buga a wata jaridar Filadelfiya ranar 19 ga Satumba, 1796, inda ya ja kunnen 'yan ƙasarsa kada su ɗaure kansu da ƙawancen dindindin da kowa. Su yi ciniki da duk mai saye, su bar Turawa da rigingimunsu.

Na daɗe ina gyaɗa masa kai, amma yanzu na daina. Ita shawarar ba ta da laifi. Abin da na daina yarda da shi shi ne labarin da ake ba mu, wai wasu dattawa masu tsarkin zuciya ne suka shimfiɗa wa ƙasarsu aƙidar "ba ruwanmu", daga baya jikoki suka zo suka yi fatali da ita. Wanda ya bi diddigin shekaru 15 na farkon gwamnatin nan, wasu mutane daban zai tarar. Bashi ya yi musu katutu, tsoro ya cika musu ciki, kuma ba sa ga-maciji da juna. In ɗayansu ya buɗe baki yana zancen Faransa ko Ingila, yawanci da maƙwabcinsa yake.

Bashin ne mafarin magana. A 1778, lokacin da yaƙin neman 'yanci ya yi wa Amurkawa zafi, Faransa ta ƙulla yarjejeniya da su, ta agaza musu da kuɗi da makamai da sojoji. A Yorktown, a 1781, jiragen ruwan Faransa ne suka toshe wa rundunar Ingila hanyar teku har ta miƙa wuya. Ita kuma Amurka ta yi alƙawari a rubuce cewa za ta kare wa Faransa tsibiranta na yankin Karibiyan har abada. Da juyin juya hali ya ɓarke a Faransa a 1789, Amurkawa suka yi ta murna, ga ƙane ya ɗauko halin wansa. Lafayette, janar ɗin Faransa da ya taya su yaƙin 'yanci, har mabuɗin kurkukun Bastille ya aiko wa Washington tsaraba, yana nan rataye a gidansa na Mount Vernon. Sai ga Janairun 1793, aka fille kan Sarki Louis na 16, mutumin da ya zuba dukiyarsa a 'yancin nasu. Bayan kwana 11 Faransa ta shelanta yaƙi da Ingila. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Hausawa. To ga kuturu ya zo, ya zauna, ya tuɓe hula.

Washington ya tara ministocinsa. Alexander Hamilton, mai riƙe da baitulmali, ya ce da sarki aka yi alƙawari, sarki kuwa ya mutu, kuma Faransa ce ta tsokano faɗan. Thomas Jefferson, ministan harkokin waje, ya ce alƙawari tsakanin al'umma da al'umma ne, canjin gwamnati ba ya warware shi. A fannin shari'a ni ina ganin Jefferson ne da gaskiya. Amma Hamilton ne ke riƙe da littafin lissafi, kuma abin da ke cikin littafin ba daɗi. Ƙidayar 1790 ta nuna mutanen ƙasar duka ba su kai miliyan 4 ba, kusan 700,000 daga ciki bayi ne. Jirgin yaƙi ko ɗaya babu, na ƙarshe tun 1785 aka sayar da shi. Sojan ƙasa kuwa, a Nuwamban 1791 ƙabilun asalin ƙasar suka yi wa rundunar Janar St. Clair kaca-kaca a bakin kogin Wabash, suka kashe sama da 600. Bashin gwamnati ya haura dala miliyan 75, kusan duk kuɗin shigarta daga kwastan yake fitowa, kayan da ake karɓar wa kwastan ɗin kuma galibi daga Ingila suke zuwa. Wanda ya yaƙi Ingila a wannan hali ya toshe rijiyar da yake sha da hannunsa. Shi kansa Jefferson bai nemi a shiga yaƙin ba. Abin da ya samu kawai shi ne, a sanarwar da aka fitar ranar 22 ga Afrilu, 1793, an kauce wa ainihin kalmar da ke nufin 'yan ba-ruwanmu, don kada Faransa ta ji zafi sosai.

Na yarda matakin daidai ne. Ƙaramar ƙasa ba ta biyan bashin alheri da ranta. Amma a kira shi da sunansa: lissafin mai rauni ne.

Ana cikin haka Faransa ta turo jakada, wani matashi ɗan shekara 30 mai suna Genêt. Maimakon ya sauka Filadelfiya, babban birni a lokacin, ya miƙa takardunsa, sai ya sauka Charleston a kudu, ya shiga raba wa masu jiragen ruwa lasisin fashi a kan jiragen Ingila. Duk garin da ya ratsa sai an yi masa liyafa. Kansa ya kumbura, har ya yi barazanar zai tsallake shugaban ƙasa ya kai ƙara wurin jama'a kai tsaye. Nan ne Jefferson ma ya zame jiki. Aka nemi Faransa ta janye shi, amma kafin nan mulki ya canja hannu a Faris, komawarsa gida na nufin miƙa wuya ga na'urar fille kai. Washington ya bar shi ya zauna. Ya auri 'yar gwamnan Niyok, ya zama manomi, a can ya mutu a 1834. Ina son labarin nan ba don komai ba sai don yadda ya ƙare.

Abin lura shi ne, ba a rubuta jam'iyya ko ɗaya a tsarin mulkin Amurka ba, waɗanda suka tsara shi ma kallon cuta suke yi wa jam'iyya. A kan wannan taƙaddama ta Faransa da Ingila ne jam'iyyu biyun farko suka yi ƙashi da tsoka. Ɓangaren Hamilton, 'yan Fedaralis, mafi yawansu attajirai ne da masu jiragen ruwa na arewa maso gabas. Ɓangaren Jefferson da James Madison, 'yan Rifabulikan (ba ta yanzu ba, waccan sai 1854 aka kafa ta), ƙarfinsu na wurin masu gandaye na kudu da ƙananan manoma da baƙin da suka yi ƙaura zuwa birane. Kowane ɓangare bai tsaya ga cewa ɗan'uwansa ya yi kuskure ba. Cewa yake ba ɗan ƙasa ba ne na gaskiya. Waɗannan su ce waɗancan 'yan koren Ingila ne masu son dawo da sarauta, waɗancan su ce waɗannan 'yan barandan Faransa ne masu son zubar da jini da rushe addini. Ƙasar ba ta gama sanin ko ita wace ce ba, sai kowa ya ari fuskar wata ƙasar Turai ya ce ga kamanninmu.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne yarjejeniyar Jay. Ingila ta ƙi ficewa daga sansanoninta na Detroit da Niagara duk da ta sa hannu tun 1783, sannan ta kame jiragen kasuwancin Amurka sama da 200 a Karibiyan. Washington ya tura Alƙalin Alƙalai John Jay Landan, ya dawo da takarda a 1795. Ingila za ta bar sansanonin, za a kafa kwamitocin biyan diyya, amma ba ta ce uffan ba kan kama matuƙan jiragen Amurka da take yi tana cusa su aikin sojan ruwanta. Majalisar Dattawa ta amince a asirce da ƙuri'a 20 da 10, daidai kashi biyu cikin uku da ake buƙata, ko ɗaya ba ta yi rara ba. Da wani sanata ya fallasa takardar ga jarida, gari ya kama da wuta. Aka riƙa ƙona mutum-mutumin Jay gari-gari. Mu ma mun san irin wannan zafin, don yarjejeniyar tsaron da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ƙulla da Ingila a 1960 ba ta kai labari ba, ɗalibai suka yi mata ca har aka soke ta a farkon 1962. Sabon ɗa mai 'yanci ba ya son a gan shi a ƙofar gidan tsohon ubangidansa.

Sai dai a duba wa ya fi kowa ihu. Manyan masu gandayen taba na Bajiniya ne, kuma suna da dalilai biyu da ba su shafi ƙaunar Faransa ba. Na ɗaya, yarjejeniyar ta buɗe hanyar da 'yan kasuwar Ingila za su karɓi basussukan da suke bin su tun kafin yaƙi. Na biyu, Jay bai karɓo musu diyyar bayinsu ba. A lokacin yaƙin 'yanci dubban bayi sun gudu sun bi sojojin Ingila saboda alƙawarin 'yantawa, kuma a 1783 aka kwashe kimanin 3,000 daga Niyok zuwa Nova Scotia a Kanada. Wajen 1,200 daga cikin baƙaƙen da ke can suka ƙetaro Saliyo a 1792 suka kafa Firitawun. A cikinsu har da wani Harry, bawan George Washington kansa. Ka ga ke nan masu kukan an sayar da 'yancin Amurka ga Ingila, wani sashe na kukan nasu shi ne an hana su kuɗin mutanen da suka gudu neman 'yanci daga hannunsu.

Yanzu mu koma kan wasiyyar da abokina ke ƙauna. Hamilton ne ya tsara mafi yawan kalmominta, kuma ta fito ana saura 'yan makonni zaɓe. Gargaɗin da ke ciki, cewa al'ummar da ta saba wa kanta ƙaunar wata ƙasa ko ƙinta ta zama baiwa ta wani fanni, kowa a lokacin ya san da wa ake. Jefferson da mutanensa ake yi wa habaici. Kuma ba a rasa hujja ba, don sabon jakadan Faransa, Adet, ya fito ƙarara a jarida yana tsoratar da masu zaɓe da fushin Faransa in ba su sauya gwamnati ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. John Adams ya ci da ƙuri'ar wakilai 71, Jefferson na da 68.

Amma abin da ya fi muhimmanci yana cikin takardar kanta, ga duk wanda ya karanta ta har ƙarshe. Washington ya faɗa da bakinsa cewa babbar manufarsa ita ce sama wa ƙasar lokaci, hukumominta su kafu, ta yi ƙarfi. Ya ce ranar na nan tafe, ba da nisa ba, da za su zaɓi zaman lafiya ko yaƙi gwargwadon abin da maslaharsu ta nuna, bisa jagorancin adalci. Wannan ba maganar mai zuhudu ba ce. Maganar uba ce da ke ce wa ɗansa kada ya shiga dambe sai ƙashinsa ya yi ƙwari. Jikokin ba su saɓa wasiyya ba, ƙashin ne ya yi ƙwari.

Zamanin Adams Faransa ce ta koma kame jiragen Amurka, don haushin yarjejeniyar Jay. Aka tura wakilai uku Faris a 1797, sai yaran minista Talleyrand suka ce kafin a zauna sai an ba maigida fam 50,000 na goro, a kuma ba Faransa rance. Ɗaya daga cikin wakilan, Pinckney, ya ce a'a, ko sisi. (Sisin nan namu dai, na kwabo shida, shi ya ambata.) Da aka buga rahoton an sakaya sunayen 'yan aiken da X da Y da Z, ƙasa ta ɗauki zafi, aka fito da kirarin cewa za a kashe miliyoyi don tsaro amma ba za a ba kowa ko anini na gaisuwa ba. Laifi tudu ne. A daidai lokacin gwamnatin nan tana biyan gaisuwa ga mai mulkin Aljiyas, bayan ta fanshi matuƙanta da ke tsare a can da dubban ɗaruruwan daloli, har da kyautar jirgin yaƙi sabo fil. Ta kuma biya Yusuf Karamanli na Tarabulus, garin da ayarin fataken Kano da Borno suka daɗe da sani. A yarjejeniyar Tarabulus ɗin, wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1797 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, akwai sashe na 11 da ke cewa ba a kafa gwamnatin Amurka bisa addinin Kirista ba, kuma ba ta gaba da addinin Musulmi. Har yau Amurkawa na jayayya a kan wannan layi. Abin dariya, a kwafin Larabci babu shi.

Zafin rigimar Faransa a gida ya sauka. A 1798 'yan Fedaralis suka yi dokokin da suka mayar da wa'adin zama ɗan ƙasa daga shekara 5 zuwa 14, don sun san baƙin da ke shigowa daga Ayalan da Faransa Jefferson suke bi. Suka kuma mayar da sukar gwamnati a jarida laifi. Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, ya sha ɗaurin wata 4 da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana kurkuku. Adams ne ya sa wa dokokin hannu, wannan tabo ne da ba zai goge ba. Duk da haka a cikinsu duka shi na fi girmamawa, domin lokacin da manyan jam'iyyarsa ke ƙishirwar cikakken yaƙi, ya bijire musu ya tura sabbin wakilai, aka yi sulhu da Faransa a 1800, aka kuma warware tsohon ƙawancen 1778 cikin lalama. Jam'iyyarsa ta dare biyu, ya faɗi zaɓe.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ɓangare ɗaya masoya juyin juya hali ne, ɗayan kuma masu tsoronsa. Haiti ce ta tona asiri.

A Agustan 1791 bayin Saint-Domingue (Haiti ta yau), tsibirin raken da ya fi kowane mallakar Faransa kawo kuɗi, suka yi tawaye. Gwamnatin Washington, Hamilton da Jefferson duka suna ciki, ta aika wa Turawa masu gandaye kuɗi da makamai don su murƙushe tawayen, ana cirewa daga bashin da Faransa ke bin Amurka. Ashe dai an yi wa kuturun aski, sai dai a wuyan bayi aka wasa askar. Da Adams ya hau, kuma aka ɓata da Faransa, sai lissafi ya juya. A 1799 majalisa ta ba da damar ciniki da yankunan da ke hannun Toussaint Louverture, jagoran bayin da suka yi tawayen, aka tura masa ƙaramin jakada, a 1800 ma jirgin yaƙin Amurka ya taya shi tsare tashar Jacmel a faɗansa da abokin hamayyarsa Rigaud. Wato 'yan mazan jiyan da ake zargi da son sarauta su ne suka kama hannun baƙin janar, tsohon bawa. Ba don Allah suka yi ba, don su ƙuntata wa Faransa ne kuma su sayar da kayansu. Amma sun yi.

Jefferson fa? Wannan mutumin ne da a Janairun 1793, bayan kisan gillar da aka yi a kurkukun Faris, ya rubuta wa wani abokinsa cewa da juyin Faransa ya rushe gara rabin duniya ta zama kufai. Da ya hau mulki a 1801, jakadan Faransa Pichon ya rubuta wa gida cewa sabon shugaban ya nuna masa ba abin da ya fi sauƙi kamar a wadata rundunar Faransa a bar Toussaint da yunwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jefferson na da ɗaruruwan bayi a rayuwarsa, kuma a 1800 an bankaɗo shirin tawayen wani bawa maƙeri mai suna Gabriel a kusa da Richmond, aka rataye sama da mutum 20. Masu gandaye sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. Daga baya ya ja da baya da ya gane Napoleon na shirin kafa daula a bakin kogin Misisifi, amma wannan ma lissafin gida ne.

Napoleon ya tura dubban sojoji ƙarƙashin mijin ƙanwarsa Leclerc a 1802. Aka kama Toussaint da yaudara, ya mutu a kurkuku a Faransa a Afrilun 1803, amma mayaƙansa da cutar shawara suka cinye rundunar. Da tsibirin ya kuɓuce masa, Napoleon ya ga Luziyana, makeken yankin Faransa a yammacin kogin Misisifi, ba ta da sauran amfani, ya sayar wa Amurka a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya ninka. Hamilton, wanda ba ya raga wa Jefferson, ya rubuta a jarida cewa ba wayon gwamnati ne ya kawo wannan garaɓasa ba, mugun yanayin tsibirin ne da jarumtar baƙaƙen mazaunansa. Ranar 1 ga Janairu, 1804, Dessalines, wanda ya gaji Toussaint a jagorancin mayaƙan, ya shelanta 'yancin Haiti, ƙasa ta biyu mai cin gashin kanta a duk nahiyar. Tukuicin da ta samu daga ta farko shi ne ƙin amincewa da ita, sannan takunkumin ciniki a 1806. A cikin ƙasar da jinin Haitiyawa ya sayo kuwa aka yanka sabbin jihohin bauta: Luziyana, Missouri, Arkansas.

Za a ce ai Dessalines ya sa an karkashe Faransawan da suka rage a 1804. Gaskiya ne, an yi, kuma ta'asa ce. Amma jinin da aka zubar a Faris bai hana a yi wa Genêt liyafa ba. Bambancin na cikin dokar zama ɗan ƙasa ta 1790, wadda ta ce farar fata mai 'yanci kaɗai ke iya nema. Ƙasar da ta rubuta wannan a gida ba ta da inda za ta zaunar da baƙin jakada a teburin shugaban ƙasa.

Ba zato nake yi ba, su suka faɗa. A 1822 Amurka ta fara amincewa da sabbin ƙasashen da suka ƙwace kansu daga Sifaniya. A 1823 Shugaba Monroe ya gargaɗi Turai ta cire hannunta daga nahiyar. Bayan shekara biyu Faransa ta jera jiragen yaƙi a gaɓar Haiti ta tilasta mata biyan faran miliyan 150, diyyar iyayengijin da suka yi asarar gandaye da bayi, Amurka ba ta ce kanzil ba. A 1826 Sanata Benton na Missouri ya miƙe a majalisa ya ce zaman lafiyar jihohi 11 ba zai bari a ga baƙaƙen jakadu suna yawo a biranen Amurka ba, suna nuna wa bayi irin ladan da ke jiran wanda ya yi tawaye ya ci nasara.

Na karanta wa abokina wannan a majalisa. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, yaushe suka amince da ita?" Na ce sai Yunin 1862, zamanin Lincoln, shekara 58 bayan 'yancinta, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ranar da aka kaɗa ƙuri'ar, kusan duk kujerun sanatocin jihohin da suka ɓalle ba kowa a kansu.